Kawu da Kifayensa Masu Yunwa

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin in yarda in ɗauki biro. Ni tela ne, karatuna a firamare ya tsaya, kuma abu biyu ke ba ni tsoro: kada in ɗora wa mamaci abin da bai yi ba, kada kuma in sosa wa mai rai inda ke masa ciwo. Nakan fara, in kai rabin shafi, in ga wata kalma ta yi nauyi, in yage. Har maiɗakina ta ce in ba zan rubuta ba in daina ɓarnar takardar awon mutane. Abin da ya raba ni da jinkiri shi ne tifar yashi da aka juye a lungun bayan gidanmu a unguwar Magajiya, nan Suleja. Yashin na cike ramin kifin Kawu ne. An ce ranar da Inna, matarsa, ta fita takaba za a zuba shi, sai fa in an tarar da ruwan yadda mai shi ya bar shi. In na yi kuskure a wani wuri Allah ya yafe mini, waɗanda suka fi ni sani su gyara.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Ya rasu a farkon bazarar nan bayan gajeriyar jinya. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, ƙofar gida ta cika har tabarmi suka kasa, aka aro bencina daga masallaci. Ina zaune ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kan abin da mutane ke faɗa. Liman ya ce bai taɓa rigan Kawu shiga masallaci da asuba ba. Mai shayin bakin titi ya ce, "To, yanzu wa zai riƙa kifar mana da gwangwanaye?" Aka yi 'yar dariya, aka tuna inda ake, aka yi shiru. Wani da ya taɓa zaman haya a gidan, wanda yanzu ya sami gidan gwamnati a Abuja, yana gama addu'a ya matso kusa da ni ya ce, "Ramin nan yana nan kuwa?" Daga cikin gida muna jin kukan Malama, 'yar hayarmu mutuniyar Kafanchan da ke koyarwa a firamare. Kuka take da ƙarfi irin na mutanensu, tsofaffin mata suna ta cewa ta yi haƙuri, ba a yi wa mamaci kururuwa. Kawu Ƙarami, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, yana gefe da carbi, wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya ɗaga kai kawai.

Abin da ya dame ni shi ne, kusan duk wanda ya ambaci ramin da murmushi yake ambatarsa, kamar wani wasan tsufa ne da aka yi wa Kawu uzuri a kai. Ni da na zauna da shi na san ba wasa ba ne.

Ramin asalinsa kududdufi ne. Nan Kawu ya haƙi ƙasar da ya gina ɗakinsa da ita tun kafin a kawo ni gidan. Faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, zurfinsa iya ƙugu. Kowa ya ce ya cike shi da shara kamar yadda ake yi, shi kuwa ya jera masa duwatsu, ya shafe da siminti, ya dasa bado a tsakiya, ya bar 'yar ƙainuwa a gefe guda. Sa'an nan ya zuba kifi. A ƙuruciyarsa ya yi lambu a bakin rafin Iku, can ya lura da cewa ruwan da ya kwanta a sawun shanu cike yake da tsutsar sauro, amma inda ƙananan kifi ke kaiwa ba ka ganin ko ɗaya. Ilminsa ke nan a kan lamarin, bai taɓa cewa ya san fiye da haka ba.

Kifayen ba su kai ɗan yatsa tsawo ba. Ba sa nutsewa ƙasa, kullum suna saman ruwa, baki a sama, kowanne da ɗigon fari mai ƙyalli a tsakar ka. Ban san sunansu ba har yau. Kawu ma'aikata yake ce musu. Inna kuwa takan ce, "Kowa na kiwon abin da zai shiga miya, ni nawa mijin ya tara abin da ko kyanwa ba ta kallo."

"Ke dai kina barci har da minshari," in ji shi, "ba ki taɓa tambayar wa ke miki gadi ba."

"Gadi? Jiya wa ya cije ni a ƙafa, kakarka?"

"Wannan baƙo ne daga kwatar maƙwabta. Sauro ba ya haihuwa a nan."

Dokarsa guda ce, kuma ba ya sassauta ta ga kowa: ba a ba kifin nan abinci. Ko ƙwayar shinkafa. Yakan ce ma'aikacin da ya ƙoshi barci yake yi. In kifi ya sami tuwo, me zai kai shi farautar tsutsa? Abin da ya rage kuma ya ruɓe, ruwa ya yi wari, sauro kuwa ba abin da yake so kamar ruwa mai wari. Duk wanda ya shigo gidan haya, kafin a nuna masa bayan gida sai an kai shi bakin ramin an karanta masa wannan. Ni kaina abin yakan tsaya mini a rai. Na taɓa tambayarsa ko ba za mu ɗauki alhakin dabba ba, tunda mu muka tsare su kuma muka hana su ci. Ya dube ni ya ce, "Kai dai Tela, da fargaba sana'a ce da tuni ka je Makka. Je ka duba cikinsu, ka ga mai rama a ciki?" Na je na duba. Ban ga mai rama ba, amma na kwana biyu ina tunanin ko idona ne bai iya gane ramar kifi ba.

Kullum in ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, sai ya ɗauki wata farar tasa da ba a cin abinci da ita, ya tsuguna, ya ɗebo ruwa daga wannan kusurwa, ya ƙura masa ido, ya mayar, ya koma waccan. A cikin farar tasa ko tsutsa ɗaya ce sai ta nuna kanta. In ƙainuwa ta yi yawa ya kwashe, domin a cewarsa tsutsa na ɓuya a inda kifi ba ya iya kutsawa. Inna takan ce ƙainuwa dashen Allah ce, ya bar ta. Ya ce, "Allah ya dasa, ya kuma ba ni hannu."

Wata shekara surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya zo gaisuwar Salla da tarwaɗa mai rai a bokiti. Ya ce ya ga Baba na son kiwon kifi, ga na ƙwarai ya kawo a zuba. Kawu ya yi godiya sosai, ya sa masa albarka, ya karɓi bokitin ya miƙa wa Inna. Ya ce, "Wannan ɓarawo ne, in ya kwana a ramin nan ba zai bar mini ma'aikaci ko ɗaya ba. A kai shi kotunki." Ranar Inna ta ce yau dai ramin ya yi amfani, tunda ya jawo mata miya.

Damina ita ce lokacin wahalarsa. Shekarun nan da gwamnati ta tare a Abuja, Suleja ta cika ta batse, kowane lungu an tsaga ɗakuna, kowane ɗaki da durom ɗin tara ruwa a ƙofa. In aka yi ruwa aka ɗauke, Kawu yakan ɗauki sanda ya bi lungu yana kifar da gwangwanin madara, fasasshiyar tukunya, tsohuwar taya, ɓawon kwakwa. Yakan yi sallama gidan mutane ya ce a rufe durom. Samari suka sa masa duba-gari marar albashi. Yakan ce musu, "Sauro ma ɗan haya ne kamar ku, ɗakin da ba mai gida yake nema." Wasu su yi dariya su rufe, wasu su ce tsohon nan ya cika shisshigi. Akwai matar da ta taɓa watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙafa, ta ce ba ta gan shi ba. Bai faɗa wa kowa ba, a bakin wandonsa da aka kawo mini ɗinki na ga alama, na matsa masa ya faɗa.

Shekarar da Malama ta shigo gidan, ɗanta ya kwanta da zazzaɓi, ga shi ba ta gama sayen kayan ɗaki ba. Kawu ya kwance gidan sauron gadonsa ya aika mata. Ta biyo shi da shi a hannu tana cewa, "Baba, a'a fa, kai kuma fa?" Ya ce, "Ni jinina ya tsufa, ba sa so. Je ki ɗaura wa yaro." Damina ta ƙare yana kwana da hayaƙin ɓawon lemo. Da ta sayi nata ta wanke nasa ta goge ta kawo, sai ya ce ta ajiye na baƙi. Tun daga nan take ce masa babana, kuma a duk 'yan hayar gidan ita ce ta riƙe dokar ramin kamar ta gada.

Yanzu na zo wurin da na fi yage takarda a kansa. Na nemi izinin Kawu Ƙarami kafin in rubuta, ya ce in rubuta abin da na gani.

A da gida ɗaya suke zaune, Kawu Ƙarami da iyalinsa a sashen da ke kallon ramin. Wata damina autarsa, yarinya mai surutu da ba ta daɗe da fara zuwa allo ba, ta yi zazzaɓi. Aka ba ta ƙwayar zazzaɓi ta amayar, aka kai ta asibiti jiki yana sanƙarewa, ba ta dawo ba. Bayan an share makoki, wata safiya muka ji ƙarar baro. Kawu Ƙarami ne ya turo ƙasa cike, da shebur a kai. Kawu yana tsugune a bakin ramin.

"Yaya, tashi."

"Me za ka yi?"

"Abin da ya kamata a yi tun tuni. Kowa a unguwar nan ya san ruwa ke kawo sauro, kai kaɗai ka ajiye shi a bayan tagar yara."

Kawu ya ɗebo ruwa a tasar ya miƙa masa, ya ce, "Duba."

"In duba me? Tasa za ta dawo mini da ita?"

Ya buge tasar ta faɗi. Inna ta fito ba ko mayafi, ta tsaya tsakaninsu tana cewa ku ji tsoron Allah, ƙasar kabarin yarinyar nan ba ta bushe ba. Kawu Ƙarami ya tsaya yana huci, can ya jefar da shebur ya shige ɗaki. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Kwamba. Ba su yi gaba ba, domin suna gaisawa a Salla da wurin suna da jana'iza, amma bai sake taka bayan gidan nan ba har Kawu ya bar duniya.

Ni ban san gaskiyar lamarin ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na sani ba. A bayan katangarmu akwai kwata da ba ta gudu, akwai durom a kowane gida, sauro kuma fiffike gare shi, ba a rubuta masa inda aka haife shi a goshi ba. Ban taɓa ganin tsutsa a tasar Kawu ba. Amma ni ba kullum nake tsaye a kansa ba. Shekaru bayan haka, wata safiya ina riƙe masa bokiti yana rage ƙainuwa, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana ganin daga ramin ciwon yarinyar ya fito. Na zaci zai yi mini tsiya kamar kullum. Sai ya ce, "Ni ma ban sani ba, Tela. Da na cike shi a ranar, da na yarda ni na kashe ta. Da na bar shi kuma, kullum in na ɗebo ruwan nan ita nake tambaya."

Abin da ya sami ramin bayan rasuwarsa ba mugunta ce ta jawo shi ba, wannan ina so a fahimta. Kwanakin makoki mu maza muna waje, cikin gida kuwa ya cika da mata, 'yan'uwa daga Minna da Zariya da ƙauyuka, yawancinsu ba su taɓa jin dokar Kawu ba. A bayan gida aka kafa murhu, dab da ramin. Inna tana ɗaki ba ta san inda kanta yake ba. Wata gwaggonmu ta leƙa ta ga kifaye suna ta buɗe baki a saman ruwa, ta ce, "Wayyo, marayun Allah, tun da mai su ya kwanta ba wanda ya ba su ko loma." Ta kankare ƙanzon tukunya ta zuba musu, ta ce Allah ya kai ladan kabarinsa. Shi ke nan. Duk wadda ta kwashe kwanukan baƙi sai ta juye ragowar a ramin da niyyar sadaka: shinkafa, tuwo, miyar taushe da manjanta, har da kunu. Malama ta gani ta ce, "Mama, don Allah ku daina, Baba ya hana." Aka ce mata, "Ke 'yar nan, ba ki san sadaka ba. Ciyar da dabbar mamaci lada ne." Ta ji nauyin ta yi musu da tsofaffi a gidan mutuwa, ga ta ba addininsu ɗaya ba, sai ta ja bakinta. Abin da ta iya yi shi ne ta faki ido ta kamfaci 'yan kaɗan da kwano ta zuba a robar wankanta ta kai ɗaki.

Ni ina waje raina yana wurin. Namiji ba ya ratsa taron mata a irin wannan lokaci, sai na aika a tambayi maiɗakina, ta aiko cewa in kwantar da hankalina ana kula da su. Ita a ganinta gaskiya ta faɗa.

Ga zafin bazara. Kafin sadakar bakwai ruwan ya yi kauri ya koma kore, kifaye suka fara juyewa ciki a sama. Tsutsa ta cika shi har ana ganin motsinta daga nesa. Mata masu kwana a tsakar gida suka fara kuka da cizo. Akwai wani direba Bakano da bai daɗe da kama ɗakin baya ba, yana jigilar ma'aikata zuwa Abuja, ya shigo gidan ne lokacin da Kawu ke kwance, don haka ba a kai shi bakin ramin ba. Shi ya ji koken matan, ya je garejin da ake masa gyara ya ɗebo baƙin mai a galan, ya zo ya malala a kan ruwan kafin ya fita aiki. Da na sami shiga bayan baƙi sun ragu, abin da na tarar ke nan: ruwa baƙi ƙirin yana ƙyalli, ganyen bado ya yi laushi, ma'aikatan Kawu a jere a gefe kamar an watsa ɓawon gyaɗa.

Da yamma na tare direban. Ya ce, "Wallahi Tela taimako na yi. Mu a unguwarmu haka ake yi, duba-gari ma haka suke cewa a yi. Ai tsutsar ta mutu, ko ba ta mutu ba?"

Na ce ta mutu.

"To?"

Na kai shi ɗakin Malama ya leƙa robar. Na faɗa masa abin da Kawu yake yi da su. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Innalillahi. Garin neman gira na rasa ido. Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?" Allah ya saka masa, domin shi ya tsaya muka kwashe ruwan kaf, muka goge duwatsun da toka da soso har hannunmu ya saɓule, ya yi ta ɗauko ruwan rijiya a jarkoki da motarsa duk da wahalar man da ake ciki. Muka bar ramin ya sha rana, muka sake wankewa, muka cika. Badon ya sake tohowa daga saiwa. Muka mayar da 'yan kifin da Malama ta tsirar.

Sun yi kaɗan. Yawansu bai kai yatsun hannu ba, kuma har yau ban ga ƙanana ba. Ban sani ba ko duk maza ne, ko duk mata, ko warin man ne bai gama fita ba. Suna iya ƙoƙarinsu a tsakiya, amma gefe-gefe tsutsa na fitowa. Kullum da safe nakan bi da rariya in tace, gobe in tarar da wasu. Ga damina ta kawo kai.

Abin da ban zata ba shi ne Inna. Ita da ta shekara da shekaru tana yi wa ramin tsiya, yanzu da yake takaba ta hana ta fita, nan take shimfiɗa tabarma da la'asar. Rannan na same ta tana kallon ruwan, ta ce, "Tela, na rantse jiya sun fi haka yawa." Na ce yadda suke ne, Inna. Ta ce, "Mutumin nan ya bar ni da abin da ko miya ba ya shiga, ga shi na kasa ɗauke ido."

Kawu Ƙarami shi ne babba a gidan yanzu. Bayan sadakar arba'in ya zo, ya wuce har bayan gida, karo na farko tun ranar baro. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe. Ya gaida Inna, sa'an nan ya ce da ita, "Yaya, ba zan taɓa shi kina cikin takaba ba." Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka ji. Babban ɗana zai dawo sashenmu na da, da matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Tagar nan ita ce dai tagar. Lokacin da mai shi ke raye kullum yana kansa, duk da haka ka san abin da ya faru. Yanzu wa ke kansa? Kai da ke shago tun safe?"

Na ce ina ƙoƙari, Kawu.

"Na sani. Ba na so a ce na rufe ɗan'uwana sau biyu. Ranar da ta fita takaba zan zo in ɗebo ruwan nan da hannuna. In ban ga komai ba, na bar muku, yashin a yi shafe da shi. In na ga ko ɗaya, kada wanda ya roƙe ni."

Ban ga laifinsa ba. Da ni na binne 'ya, ban san abin da zan ce ba. Amma na san yadda unguwa take. Ranar da aka cike ramin nan, magana za ta zauna cewa dama ruwan tsohon ne ya ci yarinyar, ga shi ƙanensa ya rufe. Kawu kuma ba ya nan balle ya miƙa wa wani tasa.

Abin da zai tsirar da shi kifi ne, masu yawa, irin waɗancan, da wuri yadda za su zauna su hayayyafa. A nan na gane ban san inda Kawu yake samo su ba. Na bi bakin Iku, ruwan ya ɓaci da shara da sabulu, ban ga irinsu ba. Na tambayi Inna, ta ce shekarar da aka yi fari ramin ya ƙafe, da wata shekarar da suka mutu, Kawu ya ɗauki bokiti ya hau motar Izom ya dawo da su da yamma. Ta ce wurin wani amininsa yake zuwa, Bagware manomi, a wani ƙauye da ke gaba da Izom ta hanyar Gawu, akwai rafi a bayan gonarsa da ba ya ƙafewa. Sunan ƙauyen ya ɓace mata. Sunan mutumin kuwa ba ta taɓa ji ba, domin aboki suke ce wa juna.

Na rufe shago ranar kasuwar Izom na je. Masu kifi suka yi mini dariya, ɗaya ya ce, "Malam, wanda bai kai yatsa ba ai ko a miyar marayu ba a sa shi." Wani ya kawo mini 'ya'yan karfasa ya ce su ne, na duba ba ɗigo a kansu, kuma na tuna Kawu ya ce karfasa in ta girma laka take tona. Na sauka a ƙauyuka biyu na tambaya, aka yi mini kirki aka ba ni ruwa, amma da aka ce wa kake nema na rasa sunan da zan faɗa. Na dawo da bokitina yadda na tafi da shi.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman mutanen Izom da Gawu da ƙauyukan da ke tsakani, malaman makaranta, ma'aikatan gona, direbobin hanyar. Wanda ya san rafin da ake samun ƙananan kifi masu yawo a saman ruwa da farin ɗigo a ka, ya taimaka ya sanar da ni. Wanda kuma ya san yadda ake gane namiji da mace a cikinsu, ko abin da ke hana su haihuwa, shi ma ina neman iliminsa. In an zo Magajiya aka tambayi gidan tsoho mai ramin kifi, ko yaro zai nuna, shagona yana jikin zauren. Abin da ya rage wa Inna a takaba bai fi wata guda ba.

Mutumin da nake nema tsoho ne dogo, baƙi, babban yatsansa na hagu guntu ne, Hausarsa tana da gargada. Inna ta ce duk shekara in sabuwar doya ta fito yakan zo da ita a kafaɗa, su zauna a bakin ramin shi da Kawu har la'asar, ba su cika magana ba. Bai zo ta'aziyya ba, kuma ba mu san inda za mu aika masa ba. In ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa za su san rafin. In kuwa yana raye, ko rafin ya ƙafe, don Allah a faɗa masa abokinsa ya rasu, kada ya sha hanya da kaya a kafaɗa ya zo ya ji a bakin ƙofa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya jiƙan yarinyar nan, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.